Tsagar Mijin Talatu

Shekara goma sha ɗaya ina ɗinki a kasuwar Birnin Kudu, shekara goma sha ɗaya kuma Allah ya jarrabe ni da maƙwabtakar Sabo. Ni ne Ƙasimu tela. Shagona da nasa bango ɗaya ne, bangon ma na langalanga, ko tari ya yi sai na ji. Gyaran rediyo da fanka da tocila yake yi, amma in ka kira shi mai gyara ba zai waiwayo ba, sai ka ce Injiniya. Na taɓa ba shi dutsen gugata ya duba mini. Da can ƙin yin zafi kawai yake yi. Da ya dawo hannuna sai mariƙin ke zafi, ƙasan kuwa sanyi ƙalau.

Wata Litinin da safe sai ga shi ya faɗo mini shago, ko sallamar bai ƙarasa ba.

"Ƙasimu, ɗauke ƙafarka daga keken nan. Ka gama ɗinki a duniya."

"To me zan koma yi?"

"Direbana."

"Ka sayi mota ne?"

"Saura ƙiris."

Ya leƙa waje, ya dawo, ya kwance wani ƙyalle a kan teburina. Abin wuya ne na mata: manyan kwabbai biyar na azurfa, sun yi baƙi, kowanne da huji, an zura su a tsohuwar igiyar fata. Ina gani na gane shi, don ni nake yi wa gidan ɗinkin biki. Na surukarsa ne, Inna Bara'atu ta Farin Dutse a ƙasar Gwaram, mahaifiyar matarsa Talatu. Ranar Asabar za a ɗaura auren autarta Hidaya, kuma babu amaryar da ke fita daga gidan nan ba ta rataya shi ba. Igiyar ce ta ruɓe, Inna ta aiko wa Talatu a kai wa Manu baduku ya sa sabuwa. Talatu kuma, da yake rana ta ɓaci, ta ba mijinta.

"Me ta ce maka da ta ba ka?" na tambaye shi.

"Maganar mata dai. Wai in kai, in karɓo, kar in tsaya ko'ina. Wai in wani abu ya same shi kar in neme ta a gidana."

"To ga ka ka tsaya."

"Kai, dubi nan! Ka ga wannan mai murɗaɗɗen gashin baki? Sarkin Jamus ne da kansa. Juya. Ka ga tsuntsun?"

"Angulu ce?"

"Gaggafa ce, jahili! Dubi shekara, alif ɗari tara da uku. Kuɗin Jamus ne na azurfa tsantsa. Akwai masu tara irinsu, hauka suke yi a kai. Na ɗauki hotonsu gaba da baya, na watsa a waya, har wani Alhaji Musaddiq na Kano ya kira ni muryarsa na rawa. Ya ce kar in nuna wa kowa, ranar Alhamis zai zo da ƙafarsa."

Ya riga ya gama rabon arzikin a kansa. Hidaya za ta samu sarƙar gwal maimakon wannan tarkacen, Inna saniya biyu da aikin ido, shi kuma mota. Ranar nan duk Farin Dutse za su san wane ne suruki.

"Inna ta sani?"

"Ana shawara da suruka a kan irin wannan? Ai sai dai ta ga alheri ya sauka."

"Sabo, don Allah don Annabi, ka kai wa Manu."

"Kai tunaninka bai wuce allura da zare ba." Ya ɗaga kwabo ɗaya yana yatsina. "Amma dubi yadda suka wulaƙanta dukiya. Baƙi ƙirin, ga huji, ga gefen duk tsage-tsage kamar ɓera ya ci. Mutum ya taso tun daga Kano in nuna masa wannan? Sai na gyara."

Kalmar nan, gyara, duk wanda ya san Sabo in ya ji ta a bakinsa sai gabansa ya faɗi. Nawa ya faɗi.

Washegari ya fara da lemon tsami da toka. Baƙin bai fita yadda yake so ba, ya koma tsamiya. Daga nan soson ƙarfe. Da azahar ya je wajen Munawwara mai awara, wadda ke suya a bakin shagunanmu, ya ari ƙaramar tukunya wai zai dafa shayi. Ashe ruwan batir ya tsiyaya a ciki ya tsoma kwabban. Wani wari ya tashi, masu cin awara suka watse suna tari, tukunya ta fara kumfa. Ya ɗauko ta da gudu zai zubar, ta fantsamar masa a wando. Kafin la'asar wandon ya zama rariya.

Munawwara ta zo karɓar tukunyarta, ta ga yadda ta koma, ta dafe ƙirji.

"Shayin naka da me kake dafa shi, Injiniya?"

"Hajiya, ranar Alhamis zan saya miki tukwane dozin."

Ta ɗauki kwabo ɗaya ta duba. "Jiya da ka nuna mana, mutumin nan yana da gashin baki."

"Yana nan."

"Ina? Wallahi ka yi masa aski. Ka koma wanzanci ne ba mu sani ba?"

Sabo ya ƙwace abinsa, ya ce hasken rana ne ya kashe mata ido.

Laraba ya kunna ƙarfen da yake narka dalma da shi a gyaran rediyo, ya toshe hujin nan biyar ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ɗauko magagari ya hau gefen. Ƙirr, ƙirr, ƙirr, tun hantsi har haƙorana suka fara tsami. Na leƙa na ce masa tsagar nan fa ba ta yi kama da ta ɓera ba, a jere take, kamar da gangan aka yi.

"Shi ya sa kake tela," in ji shi.

Wayarsa ta yi ƙara. Talatu ce, ina jin muryarta ta cikin langalanga.

"Ina abin wuyan Inna?"

"Yana hannun ƙwararre."

"Manu?"

"Ƙwararre dai."

Da yamma ya tara 'yan acaba zai nuna musu yadda ake gane azurfar gaske. Wai in ka cilla ta sama da babban yatsa, kuka take yi kamar ƙararrawa. Ya ce kowa ya yi shiru. Ya cilla. Babu wanda ya ji ƙararrawa, sai dai muka ji tsulum! Sarkin Jamus ya faɗa kaskon Munawwara, cikin tafasasshen mai. Sabo ya kai hannu, ya janye da ihu, ya sa yatsun a baki yana tsalle da ƙafa ɗaya. Munawwara ta tsamo kwabon da matsami, ta ɗora shi a kan awara.

"Da yaji ko babu?" ta ce.

Ranar Alhamis ya yi hayar kujerun roba goma sha biyu, ya shimfiɗa farin ƙyalle a tebur, ya sha babbar riga, yatsu biyu a naɗe da bandeji. Mutumin da aka ce kar ya nuna wa kowa, sai da ya gayyato rabin kasuwa. Yana ta leƙen babbar mota, sai ga wata tsohuwar ƙaramar mota ta tsaya. Wani siririn dattijo ya fito da jakar fata a hannu. Shi ne Alhaji Musaddiq, tsohon malamin makaranta ne da ya yi ritaya.

Sabo ya yi jawabi. Ya ce shi da Jamusawa dama jininsu ya haɗu, duka injiniyoyi ne. Sannan ya yaye ƙyallen. Kwabban nan suna walƙiya kamar gindin sabon gwangwanin madara. 'Yan acaba suka yi tafi.

Alhaji bai yi tafi ba. Ya ciro madubin ƙara girma, ya duba na farko, ya juya, ya shafa gefen. Ya duba na biyu. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

"Malam Sabo, ina waɗanda ka turo mini hotonsu?"

"Ai su ne nan, Alhaji. Sabis na yi musu."

"Sabis."

"Cikakke. Ba sai ka biya kuɗin aikin ba."

Dattijon nan ya zauna a kujera kamar wanda aka yi wa rasuwa.

"Ɗana, bari in gaya maka. Irin kuɗin nan Jamusawa sun buga su da yawan gaske, har yau ba su yi wuya ba. Ina da su a gida. Mu masu tarawa ba ma wanke su, baƙin nan shi ne shekarunsu. Waɗannan kuwa, ga alama ta Kamaru suka shigo, lokacin da Jamus ke mulki a can, suka bi hannun masu shanu har suka iso wuyan mata a nan. Abin da ya taso ni daga Kano tsagar gefen ce. Na ƙirga a hoto, ashirin da uku, kowacce da hannun da ya yi ta. Ban taɓa ganin irinta ba. Na zo ne in roƙi masu shi su gaya mini ma'anarta in rubuta."

Sabo ya matso kusa. "To... yanzu nawa za ka saya?"

"Ni? Kai wa maƙerin fari, mai aikin azurfa. Zai auna, ya cire nauyin dalmarka, ya yi zobe."

Kasuwa ta ɗauki dariya. Wani ɗan acaba har da faɗowa daga kan babur. Munawwara tana tambayar ina tukwanenta dozin. Ni ma na buɗe baki zan yi tawa, sai na hango Talatu a bayan mutane, da kwandon cefane a hannu. Manu ne ya gaya mata bai ga ko ƙeyar mijinta ba.

Ta ratso, aka ba ta hanya. Ta ɗauki kwabo ɗaya ta zagaya gefen da yatsa. Ba ta yi ihu ba, kuma wannan ne ya tsorata ni.

"Alhaji, ma'anar kake nema? Kowace tsaga amarya ce. Duk wadda ta rataya shi ranar aurenta, maƙeri zai yi mata tata. Inna ba ta gani yanzu, da yatsa take bin su tana kiran sunayensu." Ta juya ga mijinta. "Tawa ma tana ciki, Sabo. Ta aurena da kai."

Ta ajiye kwabon, ta ajiye masa kwandon cefanen a kan farin ƙyallensa.

"Kai za ka kai wa Inna da hannunka."

Daga nan tasha ta nufa, ta hau motar Gwaram.

Juma'a Sabo ya wuni yana cire dalmar da ya wuni yana sawa. Manu baduku ya zura sabuwar igiya yana ƙunshe dariya. Asabar da sassafe na ɗauki ɗinkunan biki, shi kuma ya manne mini wai in raka shi. A mota ƙarfin halinsa ya fara dawowa.

"Ka san fa Inna ba ta gani sosai. Ƙila ma ba za ta lura ba."

"Sabo, ba ka ji abin da matarka ta ce ba?"

"In ta lura ma, zan yi mata bayani a kimiyyance."

Bayan an ɗaura aure, aka kira ni cikin gida in rage wa amarya hannun riga, aka ce shi ma mai kawo saƙo ya shigo. Tsakar gida cike da mata. Inna Bara'atu na zaune a tabarma ƙarƙashin bishiyar darbejiya, Hidaya a gabanta cikin lulluɓi, Talatu a gefe ta kawar da kai. Sabo ya tuɓe takalmi tun daga zaure, ya durƙusa nesa, ya miƙa ƙunshin aka kai mata.

Inna ta yi bisimilla, ta kwance, ta ɗora babban yatsa a gefen kwabon farko. Ta zagaya. Ta sake zagayawa. Ta kama na biyu, na uku, har na biyar.

"Wa ya kawo mini marafan kwalba?"

Talatu ba ta gaya mata ba ashe, ta kasa.

"Inna," in ji Sabo, kansa a ƙasa, "su ne. Ɗan sabis ne aka yi musu, saboda a kimiyyance..."

"Yi mini shiru."

Ta daɗe tana juya su a tafin hannu.

"Kakata Dudu ce ta zo da su daga gabas, kuɗin bijiminta ne. An yi yunwa a gidan nan har muka ci tafasa babu gishiri, ba a sayar da su ba. Gobara ta cinye ɗakina ƙurmus, na tone su a cikin toka lafiyarsu lau. Shekara ɗari da ɗoriya. Kai kwana biyar suka yi a hannunka."

Wallahi na ji tausayin tsohuwar nan har idona ya ciko. Sabo kuwa da ƙasa za ta tsage da ya shige.

"Da me ka goge su?"

"Da... magagari, Inna."

"Yana ina?"

Yana aljihunsa, don ba ya rabuwa da shi. Ta ce a sallami maƙerin da aka kira, a shimfiɗa wa Injiniya buhu a tsakiyar mata. Wanda ya goge shi zai mayar.

Haka aka yi. Suruki guda, da babbar riga da bandeji, zaune a tsakiyar matan biki yana zufa. Inna ta kira suna, ya yi tsaga, mata su amsa.

"Dudu."

Ƙirr. "Allah ya jiƙanta!"

"Inno."

Ƙirr. "Allah ya jiƙanta!"

"Ummussalma. Zurfafa ta, mace ce mai jiki."

Tsofaffi suna leƙa aikin suna gyara masa. Wata ta ce ta uwarta ta karkace, wata ta ce hannunsa kamar na mai yankan kubewa. Ana cikin haka Inna ta tsaya. Ta kira ashirin da ɗaya, ga ta Talatu da ta ce a bari sai ƙarshe, ashirin da biyu ke nan. Saura ɗaya. Ta sake bi daga farko, leɓɓanta na motsi. Babu.

"Akwai wata," ta ce. "Yatsana ne ya san ta, ba kaina ba. In na taɓa wurin sai sunan ya zo. Yanzu wurin babu." Hawaye ya gangaro mata. "Na yar da wata a cikin mutanena."

Ni ne na zunguri Sabo da ƙafa na ce, "Hoton da ka dami duniya da shi fa?"

Ya zaro waya, ya buɗe, ya ja hoton ya ƙara girma.

"Inna, a na huɗu, daidai bakin fiffiken tsuntsun, akwai wata mai baki biyu. Kamar an yi tsaga an sake yin wata a kanta."

Inna ta ɗago kai. Sai ta fashe da dariya, hawayen bai bushe ba.

"Daso! Ƙanwar uwata! Ta fita daga gidan mijinta ta koma, maƙeri ya ce shi ba zai ɓata sabon wuri a kan miji ɗaya ba. Allah sarki Daso. Yi mata baki biyunta."

"Allah ya jiƙanta!" Guɗa ta tashi.

Sabo ya ji guɗa, sai ya fara gyara zama. "Ai dama na san amfanin hoton, shi ya sa tun farko..."

"Saura ta Talatu," in ji Inna. Ya kai magagari. "Tsaya. Wannan ba ni zan ce a mayar ba. Mai ita za a tambaya, ko tana so."

Duk aka juya. Talatu tana kallon ƙasa tana wasa da bakin mayafi. Ta bar shi a haka, magagari a hannu.

"Talatu," ya ce a hankali, a gaban kowa, babu Injiniya babu kimiyya. "Don Allah."

"Ya tsaga," ta ce. "Amma in ta karkace, ya koma shi kaɗai."

Duk tsawon zamana da Sabo, ban taɓa ganin ya yi bisimilla kafin aiki ba sai ran nan. Ya riƙe numfashi, ya ja magagari sau uku. Inna ta shafa, ta miƙa wa Talatu, ita ma ta shafa. Sai ta ɗan matso da tabarmarta kusa da shi. A iya sanina wannan ne abu na farko da ya taɓa gyarawa ya gyaru.

Aka yi tsagar Hidaya, aka yi addu'a. Ya yunƙura zai tashi.

"Zauna. Saura ɗaya. Ba a gefe ba, a kan fuskar mutumin da ka aske. Ka yi ta babba, a karkace, yadda ko makaho ba zai wuce ta ba."

"Ta wace ce, Inna?"

"Taka ce. Don duk yarinyar da za ta fita daga gidan nan a nuna mata, ta san abin da ake ba miji ya kai da abin da ake kaiwa da kai."

Talatu ta dawo bayan kwana uku. Alhaji Musaddiq ya je Farin Dutse ya wuni wajen Inna da littafinsa, ya rubuta sunayen duka. Sabo kuwa, ba a yi mako ba na ji shi ta cikin langalanga yana gaya wa 'yan acaba cewa a shekara ɗari da ɗoriya, namiji ɗaya tak ne ya taɓa shiga tarihin kuɗin Jamus na Farin Dutse.

Bai yi ƙarya ba. Bara da aka aurar da jikar Inna na kai ɗinki, na ji da kunnena. Tana bin gefe da yatsa tana kira, matattu a ce Allah ya jiƙansu, masu rai a ce Allah ya ba da zaman lafiya. Sai yatsan ya hau kan fuskar Sarkin Jamus ya tsaya.

"Mijin Talatu," in ji Inna.

Mata sama da hamsin suka amsa baki ɗaya: "Allah ya shirye shi!"